Wa Ya Ce Bashin Gwamnati Ba Ya Ruɓewa? Haƙƙin Ɗan Kwangila Idan Biya Ya Yi Jinkiri

Akwai maganar da ake yawan yi a kasuwa idan ana lallashin wanda kuɗinsa ya maƙale a ma'aikata: "Kwantar da hankalinka Alhaji, bashin gwamnati ba ya ruɓewa." Ta wani ɓangaren gaskiya ne. Gwamnati ba ta kulle shago ta gudu cikin dare, kuma idan wata ta sauka, wadda ta hau ta gaji bashinta. To amma duk wanda ya daɗe a harkar nan ya san bashin gwamnati yana ruɓewa sarai. Darajar kuɗin tana zagwanyewa yana zaune a fayil. Wa'adin da doka ta ba ka na kai ƙara yana iya ƙarewa kana ta jiran "ka dawo mako mai zuwa". Wani kuma tun ranar farko bashinsa ruɓaɓɓe ne, don ba shi da takardar da za ta tsaya masa.

Kada wani ya ce wannan matsalar manyan 'yan kwangila ce masu gina gadoji. Mu 'yan kasuwa da ke zaune a Maraɗi, Garwa, Njamena, Kwatano ko Kumasi, mu ne muke ba ɗan kwangila siminti da rodi da kwano bashi, a kan sai an biya shi ya biya mu. Wasunmu suna aika jari gida wa ƙane ko ɗa da ya samu aikin gina aji biyu ko haƙa rijiyar burtsatse. Wasu kuma su da kansu suke karɓar aikin kai shinkafa ko kujeru makarantun gwamnati. Idan biya ya tsaya, shagonmu ne yake bushewa, tukunyar gidanmu ce take sanyi. Shi ya sa ya kamata mu san abin da doka ta ce. Zan fi tsayawa a kan Najeriya, don can ne jarin da yawanmu yake komawa, sannan in leƙa Ghana da ƙasashen sefa.

Girman abin

Matsalar ba sabuwa ba ce. A 2006 gwamnatin Obasanjo ta biya wasu 'yan kwangilar cikin gida da takardun lamuni maimakon tsabar kuɗi. Daga ƙarshen 2018 Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa, wato DMO, ya fara bayar da takardun alkawarin biya domin sauke tsofaffin basussukan da aka gada. A 2025 kuwa sai da aka tsawaita aiwatar da ɓangaren manyan ayyuka na kasafin 2024 har zuwa ƙarshen Disamba, kuma a watannin ƙarshe na shekarar 'yan kwangilar cikin gida suka yi ta zanga-zanga a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja, suna neman kuɗin ayyukan da suka gama.

Ga abin da jinkiri yake yi wa jari. Kafin watan Yunin 2023, dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta kai wajen naira 1,500. Mu ɗauka, a misali, mutum yana bin naira miliyan 20. A farashin farko kuɗinsa ya haura dala 43,000. A na biyu bai kai dala 14,000 ba. Adadin da ke takarda bai canja ba, amma kashi biyu cikin uku sun tafi. Wanda ya canza sefa ko sidi ya zuba a aikin, shi ya fi kowa sanin zafin wannan. Idan kuma ya ci bashin miliyan 10 a banki da ruwan kashi 30 cikin 100, shekara ɗaya kacal ta cinye miliyan 3, wanda sau da yawa shi ne ribar aikin gaba ɗaya.

Kwana sittin

Dokar da ke kula da bayar da kwangila da sayen kaya ta Gwamnatin Tarayyar Najeriya an sa mata hannu a 2007, ita ce ta kafa hukumar BPP. Sashe na 37 shi ne namu. Ma'anarsa a taƙaice: duk kuɗin da ya wuce kwana 60 ba a biya ba, daga ranar da aka miƙa takardar neman biya da satifiket na ƙimar aiki kuma ma'aikatar ta tabbatar da su, ya zama biyan da aka jinkirta. Biyan da aka jinkirta kuma yana jawo ƙarin kuɗin ruwa a kan adadin da aka rubuta a takardar kwangila. Sashen ya ma wajabta cewa kowace kwangila ta ƙunshi sharaɗin tarar jinkiri.

Ka lura da abu biyu a nan. Na farko, agogon ba ya fara tafiya ranar da ka kafa kwano na ƙarshe. Sai an auna aikin an tabbatar. Shi ya sa ma'aikatar da ba ta da kuɗi ba ta cewa ba za ta biya ba, sai dai injiniya ya yi ta "zan zo duba aiki" wata da watanni. Na biyu, dokar ta jingina adadin ruwan ga abin da ke cikin kwangilar. Idan ka sa hannu an bar wurin fayau, ka rage wa kanka ƙarfi tun kafin a fara.

Wannan doka ta kuma ce ba a kammala bayar da aiki sai yana cikin kasafin kuɗi, kuma ma'aikatar ta tabbatar akwai kuɗin biya. Ta halatta kuɗin kafin alƙalami, wanda da farko kashi 15 ne, daga baya Dokar Kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa kashi 30 ga 'yan kwangilar cikin gida, bisa sharaɗin kawo takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora. Amma a kula, dokar tarayya ce. Idan aikin na jiha ne ko na ƙaramar hukuma, jihohi suna da nasu dokokin, sai ka nemi ta jihar da abin ya shafa ka ba wanda ya iya ya karanta maka.

Takarda ita ce shaidarka

Mu mun saba da cinikin amana. Mutum ya ɗauki kayan miliyoyi a Kantin Kwari ko babbar kasuwar Yamai da magana ɗaya, kuma ya biya. Gwamnati ba haka take ba. Shugaban da ya dafa kafaɗarka ya ce "fara aiki kawai, takarda na zuwa", gobe an yi masa canjin wurin aiki ko ya faɗi zaɓe. Wanda ya gaje shi fayil kaɗai ya sani.

Ga takardun da bai kamata a rasa su a gidan ɗan kwangila ba:

Takardar ba da aiki, da wasiƙarka ta amincewa.
Yarjejeniyar kwangila mai sa hannun ɓangarorin biyu, da jerin ƙididdigar kaya da farashinsu.
Takardar miƙa maka filin aiki.
Satifiket na kowane mataki da aka auna, da na kammala aiki.
Idan kaya ka kai, takardar da sito ya sa hannu cewa ya karɓa.
Duk wani umarni na ƙarin aiki ko canji, a rubuce.
Hotunan aikin mataki-mataki, da kwanan wata.

Batun ƙarin aiki ya kayar da mutane da yawa. Ana tsakiyar gini sai babba ya zo ya ce a ƙara banɗaki biyu, a zagaye da katanga. Ka yi don kunya. Ranar biya a ce ba ya cikin takarda. Amsar mutunci ita ce: "Ranka ya daɗe, a ba ni a rubuce, gobe in fara."

Kuma duk wasiƙar da za ka kai ma'aikata, ka yi ta biyu. Ka ba su ɗaya, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a ɗayar, ka tafi da ita gida. Wannan hatimin da ba ya cin ko sisi, wata rana shi ne zai raba gardama a gaban alƙali.

Kafin a je kotu

Kotu ba ita ce matakin farko ba. Da zarar kwana 60 sun cika, ka rubuta wasiƙar tuni ga babban jami'in da ke da alhakin kuɗin wurin, wato babban sakatare a ma'aikata ko shugaban hukuma. Ka ambaci lambar kwangila, lambar satifiket, adadin kuɗi da ranar da ka miƙa. Ba zagi, ba barazana. Idan shiru, lauya ya rubuta ta neman biya, da wa'adi.

Akwai wata dabara da mutane ba su cika amfani da ita ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar tambayar hukumar tarayya bayani a rubuce, kuma ta ba hukumar kwana 7 ta amsa. Kana iya tambaya: nawa aka ware wa wannan aiki a kasafi, nawa aka saki, wa aka biya? Wani lokaci a nan ne za ka gane ko kuɗin ne bai fito daga baitulmali ba, ko kuwa ya fito an karkatar da shi. Maganin biyun ba ɗaya ba ne.

Sai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, tana da ofis a kowace jiha, kuma ba a biyan kuɗi. Ba ta da ikon tilasta biya kamar kotu, amma wasiƙarta tana motsa fayil. Sharaɗinta shi ne a kai kuka cikin wata 12. Majalisun dokoki ma suna da kwamitin sauraren koke.

Ka kuma duba yarjejeniyarka da kyau. Yawancin kwangilolin gwamnati suna da sharaɗin cewa idan saɓani ya taso, za a fara da sulhu, sannan a je gaban masu sasanci da ɓangarorin biyu suka zaɓa. Najeriya ta yi sabuwar dokar sasanci da sulhu a 2023. Idan wannan sharaɗi yana ciki ka tsallake shi ka tafi kotu, lauyan gwamnati zai nemi a dakatar da shari'ar a maido ku baya, ka yi asarar lokaci da kuɗi.

Abu biyu kuma ka kiyaye su a wannan mataki. Na ɗaya, kada ka kwashe kayanka ka bar wurin aiki cikin fushi. Idan yarjejeniya ta ba ka damar dakatar da aiki saboda rashin biya, akwai sanarwar da ake bayarwa tukuna. Tsarin kwangila na FIDIC, wanda ake amfani da shi a manyan ayyuka, kwana 21 ya sa. In ka tafi ba sanarwa, kai da ake zalunta sai ka koma wanda ya karya alkawari, ga shi kuma tun 2019 hukumar ICPC tana bin sawun ayyukan mazaɓu tana maido 'yan kwangila bakin aiki. Na biyu, "kason ofis" da ake nema don fayil ya motsa. Dokar 2007 ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ba zaɓin tara ga wanda ya karya ta, kamfani kuma a hana shi kwangila aƙalla shekara 5 tare da tarar kashi 25 na darajar aikin. Ban da haka, wanda ya ba da cin hanci ya ɗaure bakin kansa, ba ya iya ɗaga murya gobe.

Tarkunan da ke hanyar kotu

In ta kama sai an je kotu, to akwai ramuka huɗu da ya kamata ka sani, ko da lauya ne zai yi maka aikin.

Na farko, wa'adi. Ƙarar bashin kwangila tana da iyaka: shekara 6 a yawancin wurare, shekara 5 a wasu jihohi. In ya wuce, ko kana da gaskiya kamar rana, kotu ba za ta saurare ka ba. Abin da ke sabunta wa'adin shi ne hukumar ta amsa bashin a rubuce, ko ta biya wani ɓangare. Saboda haka wasiƙar da ta ce "mun san kana bin mu, muna jiran kuɗi", kada ka yaga ta don haushi. Dukiya ce. Lauyoyin gwamnati kuma sukan ɗauko tsohuwar dokar kare jami'an gwamnati mai cewa a kai ƙara cikin wata 3. Kotun Ƙoli ta daɗe da bayyana cewa wannan doka ba ta shafi karya yarjejeniyar kwangila ko kuɗin aikin da aka yi ba. Kada a tsorata ka da ita.

Na biyu, sanarwa kafin ƙara. Dokokin da suka kafa hukumomi da yawa, har da ƙananan hukumomi, sun ce sai an ba su sanarwa a rubuce, galibi ta wata ɗaya, kafin a maka su kotu. In ba a yi ba, a kori ƙarar tun ba a taɓa zancen bashin ba.

Na uku, wace kotu? Mutane suna ɗauka tunda hukumar tarayya ce, sai Babbar Kotun Tarayya. Kotun Ƙoli, a shari'ar Onuorah da kamfanin matatar man Kaduna a 2005, ta ce rikicin kwangila tsantsa ba hurumin waccan kotu ba ne. Babbar kotun jiha ko ta Abuja ake zuwa. Akwai waɗanda suka yi shekaru suna shari'a, suka ci, aka rushe komai a ɗaukaka ƙara saboda wannan kaɗai. Labari mai daɗi shi ne, idan kana riƙe da satifiket da hukumar ta sa wa hannu kuma adadin kuɗin a fili yake, akwai gajeriyar hanya da ake bi da takardar rantsuwa, ba sai an yi dogon kiran shaidu ba.

Na huɗu shi ne mafi ɗaci: cin shari'a daban, karɓar kuɗi daban. Hanyar da aka fi bi ita ce a nemi kotu ta umarci bankin da ke riƙe da kuɗin hukumar ya biya ka kai tsaye. To amma sashe na 84 na dokar aiwatar da hukuncin kotu ya ce idan kuɗin yana hannun jami'in gwamnati, sai Antoni Janar ya ba da izini. Wato ka nemi izinin lauyan wanda kake bi bashi. Tun 2015 kuma kuɗin hukumomin tarayya suna asusun bai-ɗaya a Babban Banki. A ƙarshen 2017, a shari'ar Babban Banki da kamfanin Interstella, Kotun Ƙoli ta sassauta wannan shinge, amma har yau lauyoyi suna ja-in-ja a kan iyakar hukuncin. Don haka kafin ka shiga, ka zauna da lauya ku yi lissafi: nawa ake bi, nawa shari'a za ta ci, shekara nawa. Wani lokaci sulhu a rubuce, da jadawalin biya kashi-kashi wanda kotu ta amince da shi, ya fi hukuncin da za ka rataye a bango.

Idan a Ghana kake

'Yan'uwanmu na zangon Kumasi da Nima da Tamale, labarin bai bambanta sosai ba. A jawabin kasafin Maris 2025, ministan kuɗi Cassiel Ato Forson ya ce bashin da 'yan kwangila da masu kawo kaya suke bin gwamnati ya kai sidi biliyan 67.5 a ƙarshen 2024. Gwamnati ta ce sai an tantance kafin a biya, kuma a tantancewar an yi watsi da wani ɓangare na buƙatun. Ka ga amfanin takarda ke nan.

Dokar kwangilar Ghana ta 2003 ce, an yi mata gyara a 2016, shekarar da aka yi dokar kula da kuɗin gwamnati. Abin da ya fi muhimmanci a can shi ne ka tabbatar an amince da kashe kuɗin aikin a cikin tsarin kwamfuta na gwamnati da ake kira GIFMIS, kafin ka sauke ko bulo ɗaya. Ka kuma tambayi daga wane asusu za a biya: na hanyoyi ne, na ilimi wato GETFund, ko kason majalisun gundumomi? Kowanne da irin jinkirinsa. Wa'adin kai ƙarar kwangila shekara 6 ne a ƙarƙashin dokar 1972, kuma ƙa'idojin kotu na 2005 sun ba alƙali damar ƙara ruwa bisa farashin banki na lokacin.

Idan a ƙasashen sefa kake

Nijar, Kamaru, Chadi, Benin da Togo tsarinsu na Faransa ne. Dokokin kwangilarsu sun san haƙƙin ƙarin kuɗi saboda jinkirin biya, kuma kowace ƙasa tana da hukumar sa ido a kan kwangiloli: ARMP a Kamaru, ARCOP a Nijar. Rikicin kwangilar gwamnati galibi yana zuwa ne gaban alƙalin da ke shari'ar hukuma da jama'a, bayan ka fara kai kuka a rubuce ga hukumar da ta ba ka aikin.

Abin tsoro a nan shi ne ƙa'idar shekara huɗu. A yawancin waɗannan ƙasashe, bashin da ake bin gwamnati idan ya shekara 4 ba a neme shi ta hanyar da doka ta sani ba, ya faɗi. Zuwa ofis kullum da gaisuwa ba nema ba ne. Wasiƙa mai hatimin karɓa ita ce nema.

Duka ƙasashen nan suna cikin OHADA, ƙungiyar ƙasashe 17 masu dokar kasuwanci ɗaya. Sashe na 30 na dokarta ta karɓar bashi ya hana a kama dukiyar gwamnati da ƙarfi. Amma ya buɗe ƙofa ɗaya: idan kana bin hukuma tabbataccen bashi ita ma tana bin ka, ana iya cire wannan daga wancan. Gyaran da aka yi a Kinshasa a watan Oktoban 2023, wanda ya fara aiki a Fabrairun 2024, ya ƙara wata ƙofar. Wanda ke riƙe da hukuncin kotu ko takardar amsa bashi, idan ya aika gargaɗi aka yi wata 3 ba biya, yana iya neman a shigar da bashinsa cikin kasafin hukumar a matsayin kuɗin da dole a biya. Ba tsabar kuɗi ba ne a hannu, amma ya fi zaman jiran tsammani.

Kai da ka ba da kaya bashi

Yanzu ga wurin da ya fi shafar yawancinmu. Galibi a ƙasashen nan, gwamnati wanda ta sa hannu da shi kaɗai ta sani. Kai da ka ba ɗan kwangila siminti buhu 500, ba ka bin gwamnati ko kwabo, ko da kana ganin simintinka a jikin bangon makaranta. Ɗan kwangilar kake bi. Haka shi ma ba shi da hujjar cewa "ai ba a biya ni ba", sai in kun rubuta cewa biyanka ya rataya a kan nasa. Don haka ka yi tunani sosai kafin ka yarda da wannan sharaɗi.

Sai aron kamfani da sayen kwangila. Baƙo ba shi da kamfani mai rajista a ƙasar, sai ya ari na ɗan ƙasa. Ko wani mai hanya ya samu takardar aiki, ya sayar maka, ka zuba kuɗinka ka yi. Ranar biya kuɗin asusun mai kamfani za su faɗa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na ga wannan ya raba aminai na shekara talatin. Yawancin kwangiloli ma sun hana a miƙa aiki ga wani ba tare da amincewar hukuma a rubuce ba, wanda ke nufin kai a idon doka babu kai.

In ba makawa sai ka shiga, ga rigakafi. Ka ga takardar aikin ta asali da idonka, ka je ma'aikatar ka tabbatar. Ku rubuta yarjejeniya gaban lauya, da adadi da ranar biya. A buɗe asusu na musamman wanda kuɗi ba ya fita sai da sa hannunka, a kuma sanar da hukumar a rubuce cewa nan za a biya, ba za a canja ba sai da yardarku duka. Sannan kada ka zuba abin da in ya kwana shekara biyu shagonka zai rufe. Ni ma'aunina ke nan a kullum.

Batun kuɗin ruwa

Na san da yawa za su ce, to mu da ba ma cin ruwa fa? Tambaya ce mai kyau, kuma malamai ne masu amsa ta, a kai musu da bayanin yadda abin yake. Abin da zan ce a matsayin ɗan kasuwa shi ne, ko ba ka da niyyar taɓa shi, kada ka yarda a goge sharaɗin daga takarda, don shi ne ke sa hukuma ta san jinkiri yana da tsada. Akwai kuma wani sharaɗin daban, na sake duba farashi idan kaya suka tashi ana tsakiyar aiki. Wanda ya ga yadda buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024 ya san darajarsa. Ka nemi a sa shi tun farko, musamman a aikin da zai wuce shekara.

Uwargida da yara su sani

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne iyali su san ana bin gwamnati kuɗi. Abin takaici shi ne maigida ya rasu, kowa ya san "yana bin ma'aikata kuɗi masu yawa", amma ba wanda ya san wace kwangila ce, ina takardun suke. Haƙƙin ba ya mutuwa da mai shi, yana cikin gado. Sai dai magada za su buƙaci takardar kotu ta kula da dukiyar mamaci, in kuma da sunan kamfani aka yi aikin, sai an san wa ke da ikon sa hannu bayansa. Wa'adin doka kuwa ba ya tsayawa zaman makoki.

Saboda haka maigida, ka ware jaka ɗaya ta takardun nan. Ka nuna wa uwargida inda take. Yaron da ya yi boko ya ɗauki hoton kowace takarda da waya, a ajiye a wuri biyu, musamman mu da muke zaune wata ƙasa aikin yana wata. Ka rubuta a littafi wa kake bi, wa ke bin ka, har leburori da mai tipar yashi, don su ma haƙƙinsu yana wuyanka.

Wannan rubutu ba zai maye gurbin lauya ba, kuma dokoki suna canjawa. Ka ba lauya ya karanta maka yarjejeniya kafin ka sa hannu. Wanda yake da kuɗi a maƙale yanzu haka, ya ɗauko fayil ɗinsa yau, ya duba ranar da ke kan satifiket na ƙarshe, ya ƙirga shekarun da suka wuce. In babu wasiƙa mai hatimi a ciki, gobe da safe ya rubuta ta.

Allah Ya fitar wa kowa haƙƙinsa, Ya sa albarka a nema.